Wai "get" ɗin nan ma'anarsa nawa ne?

Auta: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yayyena don Allah ku ba ni shawara kafin in ƙara shan kunya. Wata uku ke nan da na fara tuƙi a wata ƙungiya a Abuja, maigidan nawa Bature ne. Turancina na sakandare ne, ina ji daidai gwargwado, amma kalma ɗaya ta sa ni a gaba, wato get. Mu dai a makaranta "samu" aka ce mana. Shekaranjiya na roƙe shi hutun kwana uku zan je gida suna, yana shiga lif ya ce min "I'll get back to you." Ni kuwa na ɗauka yanzu zai dawo ya same ni. Na zauna a bencin masu gadi tun ƙarfe biyu, aka yi la'asar, aka fara kiran magariba, ashe mutumin tuni ya fice ta ƙofar baya a motar abokinsa. Maigadi ne ya ji tausayina ya ce ai "zan neme ka" yake nufi. Wane littafi ko wace manhaja za ku ce in nema?

Ɗan Sabon Gari: Kai Auta! Wallahi sai da na ƙware da shayi. Awa huɗu a benci, mutum yana can yana cin abincin dare. Ni dai tawa shawarar ɗaya ce, kada ka kuskura ka ɗauki get ɗinmu na kasuwa ka kai ofis. Mu nan da abokan cinikinmu 'yan kudu, in mutum ya ce "I get am", ina da shi yake nufi. "I no get change", ba ni da canji. "E get one man wey dey find you", akwai wani da ke nemanka. Wannan buroka ce, tana da nata tsarin, kuma da ita muke cin abinci. Amma Baturenka ba zai gane ba.

Maman Khairat: Sannu ƙanena, ba kai kaɗai ba ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina shirin jarrabawar Turanci ta IELTS, kuma get ya sha ba ni ciwon kai. Abin da zan fara hana ka shi ne hadda. Na taɓa buga wata doguwar takarda mai jerin get up, get over, get by, get along da sauransu, na manna a jikin firij, kullum ina bita ina girki. Bayan sati biyu duk suka cakuɗe min. Yanzu ƙaramin littafin rubutu nake yawo da shi a aljihun rigar aiki. Duk inda na ji get, sai in rubuta jimlar gaba ɗayanta, da wanda ya faɗa, da abin da ake ciki lokacin. Wata likita ta ce da majinyaci "you'll get over it", yana ta kukan zazzaɓi. Tun daga ranar ban sake manta cewa get over warwarewa ce ba, don fuskar mutumin nake gani.

Anti Malama: Wa alaikumus salam Auta. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da Turanci a sakandare, kuma tambayar da nake fara yi wa ɗalibai ita ce: mene ne ma'anar "ci" a Hausa? Sai su ce eat. Sai in ce to, ya ci zaɓe fa? Ya ci jarrabawa, ya ci amana, ya ci bashi, ya ci gado, ya ci sarauta, ta ci kwalliya, an ci shi tara, kasuwa tana ci, wuta ta ci gida, mun ci karo. A cikin waɗannan wanne ne ya bi ta baki? Babu wanda ya zaunar da kai ya karantar da kai su, kunnenka ne ya san abin da ke bin bayan "ci", shi ke gaya maka ma'anar. To get shi ne "ci" ɗin Turawa. Ka bar kallon kalmar, ka kalli wanda ke biye da ita.

In suna ne ya biyo, abu ne ya zo hannu: samu, karɓa, sayo, ɗauko. "I got your message", saƙonka ya iso ni. "Get me water", samo min ruwa. In sifa ce ta biyo, yanayi ne ya sauya, kuma a nan Hausa sau da yawa kalma ɗaya take amfani da ita ko ta sa "yi": get tired gaji, get old tsufa, get angry yi fushi, "it's getting dark" gari ya fara duhu. In kuwa wuri ne ko 'yar ƙaramar kalma irin in, out, up, down, to motsi ne: get home isa gida, get out fita, get up tashi. Da waɗannan ukun kaɗai za ka gane mafi yawan abin da maigidanka ke faɗa.

Auta: Anti Allah ya saka da alheri. To ranar Litinin ya ce min "get the car washed", na naɗe hannun riga na wanke da kaina, ya zo yana kallona yana mamaki.

Anti Malama: Ka yi wa kanka wahala a banza. In ka ji get, sai abu, sai aikatau mai siffar an gama, to "ka sa a yi" ne. Kai wa masu wanki kawai yake nufi, su wanke, ka karɓo rasit. Haka "get the tyre fixed", kai wa mai faci. In kuma mutum ne a tsakiya da to, kamar "get him to call me", ka sa shi ya kira ni. Wani kuma da za ka riƙa ji: got paid, got married, got arrested, got fired. Abin da ya auka wa mutum ne, an biya shi, ya yi aure, an kama shi, an kore shi. Allah ya tsare ka da biyun ƙarshe.

Baba Hedimasta: Salamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duka. Malama ta yi bayani mai kyau, sai dai zan ƙara abu ɗaya daga zamaninmu. Mu da muke kwalejin horon malamai, in ka rubuta got a insha'i, jan biro ake zagaye shi da shi, wani lokacin har da dorina. Malaminmu cewa yake kalmar malalata ce, mai rubuta ta ya ƙi neman kalmar da ta dace ne. Sai ya sa mu rubuta obtain, receive, acquire, become, arrive. Yanzu da na tsufa na ga ya wuce gona da iri, don Turawan da kansu ba sa minti biyu ba su ce get ba. Amma a takardar neman aiki ko ta neman hutu, Auta, ka rubuta "I received your letter", ya fi nauyi. Littafi kuwa, ka nemi Oxford Advanced Learner's Dictionary. A. S. Hornby ne ya faro shi, malami ne da ya koyar da Turanci a Japan, saboda haka ya san inda baƙon harshe ke tuntuɓe. Oxford ta fara buga shi a 1948. Nawa bangonsa ya cire, da zaren ɗinki na ɗaure shi, har yau yana gefen gadona.

Maman Khairat: Baba ranka ya daɗe, yanzu ai yana intanet kyauta, har da lasifikar da za ka danna ka ji furuci na Ingila da na Amurka. Na Cambridge ma haka. Auta ba sai ya ɗauki littafi mai nauyin bulo a mota ba.

Baba Hedimasta: To 'yata, na ji. Amma littafi ba ya cewa caji ya ƙare.

Abban Walid: Baba Allah ya ƙara lafiya. Abin da malaminku ya yi yana da tarihi, bari in ɗan taɓa, don ni asalin kalmomi ne abin sha'awata. Get ɗin da muke ji yau baƙo ne a Turanci. Daga harshen mutanen Danmak da Norwe ya shigo, waɗanda ake kira Vikings. Sun fara da kai hari gaɓar Ingila, a 865 suka zo da runduna babba, a 866 suka ci birnin York, daga nan suka zauna a arewaci da gabashin ƙasar, suka yi noma, suka yi auratayya. A harshensu kalmar geta ce. Wajen shekarar 1200 aka fara ganinta a rubutun Turanci. Tsohon Turanci yana da 'yar uwarta, amma kusan kullum a manne take da wata, kamar forgietan, kakar forget, kuma g ɗin kamar y ake furta shi. Wannan g mai ƙarfi na get da give gadon baƙin ne. Shi ya sa ba a karanta shi da j kamar na gentle da general, waɗanda suka zo daga Faransanci. Ba get kaɗai suka bari ba: take, call, want, egg, sky, skin, knife, window, har they da them da their, duk nasu ne. Kalmomin gida da gona da kasuwa.

Sai 1066 Normawa suka zo daga Faransa suka ci Ingila, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Latin kuma na coci da karatu. Ta wannan ƙofar receive da obtain da acquire suka shigo. Saboda haka tun farko get na talaka ne, obtain na alƙali. Kamar dai mu ne da "na gane" da "na fahimta", ta biyun daga Larabci take, kuma ita mai wa'azi ya fi ɗauka. Malaminku, Baba, ba da saninsa ba ya gaji wannan fifikon.

Hajiya Mai Turare: Salam 'yan uwa, sabon turaren wuta ya iso, akwai humra da kwalacca, mai so ya yi min magana.

Sarkin Zaure: Hajiya don Allah, talla ranar Asabar ce. Ana karatu.

Hajiya Mai Turare: Afuwan, ban lura ba. Ku ci gaba, ni ma ina ƙaruwa. Ga wani "ci" ɗin ma, Anti.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Mu da munka yi lakwal da Faransanci ma ba mu tsira ba, namu sunanshi prendre. Da farko mushe, wato malaminmu, ya ce muna ɗauka ne ko kamawa. Daga baya munka iske prendre le bus hawan mota ne, prendre un café shan kofi, prendre feu kamawa da wuta, prendre froid kamuwa da sanyi. Kuma cikinshi anka fiddo apprendre, koyo, da comprendre, ganewa. Wanga abu kowane harshe da nashi. Ni abin da ya taimake ni da na koma koyon Ingilishi don fatauci shi ne rediyo. A lokacin Muryar Amurka na da shirin Learning English, suna magana sannu-sannu kamar mai lallashin yaro. Kai da kake zama cikin mota kana jiran maigida, sauraren shiri irin wanga ya fi maka barci.

Abban Walid: Ɗan Maraɗi ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Prendre ɗinku daga Latin prehendere yake, ma'anarsa damƙewa. Masana tarihin harsuna sun bi diddigin rabin kalmar na baya, sun same shi tushe ɗaya da get, wani tsohon tushe mai ma'anar kamawa da hannu, tun kafin harsunan Turai su rarrabu. Daga prehendere Turanci ya sami comprehend da apprehend da surprise, ya kuma sami prison, wurin da ake ajiye wanda aka damƙe. Prisoner kuwa shi ne bakin Bahaushe ya mayar fursuna. Ke nan fursuna da get dangi ne na nesa, irin waɗanda sai a wajen rabon gado ake tuno su.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda hannu ke komawa ƙwaƙwalwa. Bature ya ce "I get it", na gane. Bafaranshe ya ce comprendre. Mu ma muna cewa yaro ya kama karatu, ko na ɗago zancen. Forget kuma asalinsa sakin riƙo ne, abin da ka kama ya kuɓuce. Akwai beget, haihuwa, tsohuwar kalma ce da yanzu sai a tsofaffin littattafai, kuma mu ma ai cewa muke wane ya sami ɗa.

Baba Hedimasta: Ikon Allah. Shekara talatin da biyar ina riƙe da alli ban san fursuna na da dangi a Turai ba sai yau.

Ɗan Sabon Gari: Abban Walid, duk wannan tarihin a ina kake tono shi? Ko kai ma Viking ne?

Abban Walid: Haba, Bakatsine ne ni gaba da baya. Akwai shafin Etymonline, ka rubuta kalma ya ba ka asalinta da lokacin da aka fara ganinta a rubuce. Sai dai Auta, wannan na nishaɗi ne, ba zai hana ka zaman benci ba. Abu ɗaya da zai yi maka amfani kai tsaye: ka gano maigidanka ɗan ina ne. In Ba'amurke ne za ka ji yana cewa gotten, kamar "it has gotten worse". Ɗan Ingila got zai ce. Gotten ɗin ita ce tsohuwar siffa, waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka suka tafi da ita, a Ingila kuma ta ja baya, ta rage a forgotten da ill-gotten, wato dukiyar haram. Ba'amurke ma yana bambantawa: "I've got a car", ina da mota, "I've gotten a car", na samu mota. Makarantunmu tsarin Ingila suka fi bi, shi ya sa gotten ke yi mana baƙo a kunne.

Auta: Ɗan Ingila ne Yaya, daga wani gari kusa da York ma ya ce yake.

Abban Walid: To shi ke nan, gadon gidansu yake ci.

Maman Khairat: Ni fa akwai inda nake da ja. Malamin da ke shirya mu ya ce mu daina duba ƙamus na Turanci zuwa Hausa gaba ɗaya, wai shi ke sa mutum ya maƙale a "get samu ne". Kuma na ga gaskiyarsa.

Anti Malama: Maman Khairat, a nan mun sha bamban. Ya danganta da ƙamus ɗin. Ƙananan da ake sayarwa a bakin tasha, masu kalma ɗaya gaban kalma ɗaya, waɗannan kam na yarda su ke jawo matsalar. Amma na Roxana Ma Newman, An English-Hausa Dictionary na 1990, yana rarraba ma'anoni da misalan jimloli, yana nuna maka wace kalmar Hausa ta dace da wane wuri. Mai matakin Auta yana buƙatar wannan gadar. Kuma Hausar tana taimako fiye da yadda ake zato. Dubi abin da muke yi da wasalin ƙarshe: fita, fito, fitar, shiga, shigo, shigar, samu, samo, samar. F. W. Parsons, wani masanin harshen Hausa, shi ne a 1960 ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai a kan wannan. Aikin da wasali ke yi mana, su 'yan ƙananan kalmomi ke yi musu. In yaro ya gane haka, sai ya daina jin tsoron get in da get out. Waɗanda ke da wuya su ne waɗanda ma'anarsu ta yi nisa da motsi, su kam sai an bi hanyarki ta littafin aljihu: get by lallaɓawa, get along shiri da mutum, get rid of rabuwa da abu, get away with cin bulus.

Baba Hedimasta: Mu Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner muka sani. Wanda kuma ke son ya ga abin da Malama ta faɗa a kan "ci", ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934, ya ga yadda Bature ya sha fama da kalmarmu kamar yadda Auta ke sha da tasu.

Abban Walid: Kuma Auta ka gode Allah get ne. A babban ƙamus na Oxford bugun 1989, aikatau set yana da ma'ana 430. Da aka sabunta run a 2011, an ƙirga masa 645.

Ɗan Sabon Gari: To ni ga tawa tambayar, tunda direba ne ya kawo zancen. Me ya sa ake cewa get on the bus amma get in the car? Duk ba shiga ba ce?

Anti Malama: Dabarar da nake ba ɗalibai: in abin hawa ne da za ka iya miƙewa tsaye ka taka a ciki, bas, jirgin ƙasa, jirgin sama, to get on, sauka kuma get off. In sai ka sunkuya ka zauna, mota ko tasi, get in, fita get out of. Wanda ake ɗarewa bisa, babur, keke, doki, shi ma get on da get off.

Ɗan Sabon Gari: A Daidaita Sahu fa?

Anti Malama: Kana miƙewa tsaye a ciki?

Ɗan Sabon Gari: Ko zama da ƙyar in an cusa mu huɗu.

Anti Malama: To get in.

Maman Khairat: Auta ƙara da 6 Minute English na BBC. Minti shida ne kowane shiri, akwai rubutun abin da suka faɗa, ka sauke in ka sami wayifai na ofis. Ka saurara sau ɗaya ba ka duba ba, sannan ka duba rubutun ka ja layi a ƙarƙashin duk get ɗin da ka gani, ka tambayi kanka cikin ukun Anti wanne ne. Kuma in maigidan ya faɗi abin da ba ka gane ba, ka ce "sorry, I didn't get that." Ba abin kunya ba ne, su ma haka suke ce wa juna.

Auta: Jama'a ina kwana. Albishirinku. Yau da safe muna kan hanyar ofis ya ce "You've got three days." Na yi shiru na duba abin da ya biyo baya, na ga suna ne, na ce a raina kwana uku sun zo hannu. Da zai sauka ya ƙara da "and get me some kilishi." Wannan kam ban tambayi kowa ba. Na sayi littafin aljihu na naira ɗari biyar, jimla biyu ke ciki yanzu.

Anti Malama: Madalla. Ka lura have got ne ya yi amfani da shi, wato kana da. Rubuta shi a shafi na daban.

Baba Hedimasta: Allah ya raya abin da aka samu, ya kai ka lafiya. Ka gaida mutanen gida.

Auta: Amin Baba, za su ji. Yanzu saura kilishin. Ta Kano zan bi, wa ya san inda zan samu mai kyau wanda yajinsa ba zai sa Bature kuka ba?

Ɗan Sabon Gari: Wannan fannina ne. Ka sauka Agadasawa, ka ce a ba ka mara yaji, ka ɗanɗana kafin a naɗe. Kuma ka ce a sa maka a takarda biyu, don mai yana fitowa ya ɓata kaya a jaka.